Zaɓen Ɗaki a Jirgin Ruwa: Nazari a Kan Matafiyan Gadarif da Ke Tsallaka Bahar Maliya

Gadarif ba ta bakin teku. Gari ne na baƙar laka da dawa da riɗi a gabashin Sudan, kuma tsakaninsa da tashar jiragen ruwa ta Sawakin akwai tafiyar fiye da kilomita 700, ta Kasala da Haya da Sinkat, sannan a gangaro daga duwatsu zuwa gaɓa. Duk da wannan nisa, jirgin ruwa ba baƙo ba ne ga mutanen garin, musamman Hausawan da kakanninsu suka baro Kano da Sakkwato da Katsina da Damagaram da niyyar sauke farali. Har gobe ta ruwa da yawansu ke zuwa aikin Hajji da Umra, kuma bayan da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya rufe filin jirgin saman Khartum, hanyar Sawakin ta ƙara zama abin dogaro.

Duk wanda zai shiga jirgin ruwa akwai tambayar da ke jiransa a wurin yankan tikiti: wace daraja, wane ɗaki? An yi rubuce-rubuce masu yawa a kan wannan tambaya, amma kusan dukkansu don masu yawon shaƙatawa a manyan jiragen alfarma aka yi su, mutanen da za su shafe mako guda suna kewaya tsibirai. Abin da wannan nazari ke son nunawa shi ne, tsarin farashin ɗakunan jirgi yana auna abin da ido zai gani da girman da mutum zai samu a idon jama'a, ba ya auna kwanciyar jiki ko sauƙin tsira. Saboda haka mutumin Gadarif da ya sayar da riɗinsa don ya kai mahaifiyarsa Makka, idan ya ɗauka ɗakin da ya fi tsada shi ne ya fi dacewa da ita, yana iya biyan kuɗi mai yawa ya sayo mata wahala.

Lokacin da babu zaɓi

Zaɓen ɗaki sabon abu ne a wannan teku. A shekarar 1183 matafiyin nan na Andalus, Ibn Jubair, ya tsallaka daga Aizab, wata tsohuwar tasha can arewa da Sawakin, zuwa Jidda. Ya kwashe wajen kwana takwas a kan ruwa, kuma ya ba da labarin yadda masu jiragen ke cusa mahajjata kamar kaji a akurki don su mayar da kuɗin jirginsu a tafiya ɗaya. Bayan shekara ɗari bakwai lamarin bai sauya sosai ba. A 1880 kyaftin da manyan ma'aikatan wani jirgin tururi mai suna Jeddah suka ga ruwa ya fara shiga, suka sulale a kwale-kwale suka bar mahajjata sama da 900 a tsakiyar teku. Allah ya yi da sauran kwana, wani jirgin ya jawo su zuwa Adan. Ko da ƙasashen duniya suka zauna a Faris a 1926 suka ƙulla yarjejeniyar kiwon lafiya, abin da suka tanadar wa kowane mahajjaci a cikin jirgi murabba'in mita ɗaya da rabi ne, wato gwargwadon inda zai miƙe ƙafa ya ajiye ƙunshin kayansa. Tsoron kwalara ne ya sa aka yi wannan doka, jin daɗin mahajjaci bai shigo lissafi ba.

Mutanenmu sun iso wannan gaɓa ne da ƙafa. Tun kafin zuwan Turawa akwai mazaunin 'yan yamma a Gallabat, kan iyakar Habasha, kudu da Gadarif. Bayan da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Daga nan ayari bai yanke ba. Layin dogo ya iso Gadarif a ƙarshen shekarun 1920, sannan a tsakiyar shekarun 1940 aka fara noman dawa da injina a Gadambaliya, aikin da ke buƙatar hannaye masu yawa wajen shema da girbi. Mai niyyar Makka sai ya yada zango ya yi ƙodago shekara ɗaya, biyu, goma, yana tara guzuri. C. Bawa Yamba, a littafinsa Permanent Pilgrims na 1995, ya nuna yadda jikoki da tattaɓa-kunnen waɗannan matafiya ke ci gaba da ɗaukar kansu masu kan hanya, ko da an haife su a Sudan an kuma binne iyayensu a can. Wanda ya kai Sawakin a zamanin Turawa dole ya bi ta wurin killace matafiya, a yi masa lamba, ya biya kuɗin fito. Wanda ba shi da hali sai ya nemi masu jiragen katako su tsallakar da shi a ɓoye, su sauke shi inda suka ga dama a gaɓar Hijaz. A cikin wannan zamanin ne Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi nasa Hajjin a 1921, ya shiga jirgin ruwa daga Ikko zuwa Ingila, daga can ya wuce ƙasa mai tsarki. Ɗaki a jirgi na irinsu ne a lokacin.

Na kawo wannan tarihi ne domin yana da tasiri a kan halayyar matafiyin yau. Wanda ya tashi yana jin labarin kakan da ya yi shekara bakwai a hanya, kunya yake ji ya tsaya yana tambayar ina gadonsa yake a tafiyar dare ɗaya. Ana ganin wahalar hanya wani ɓangare ne na lada. Haƙuri abin yabo ne, amma a ganina bai kamata ya hana ɗa tambayar inda za a kwantar da tsohuwar da ke fama da hawan jini ba.

Yadda ake yanka wa ɗakuna kuɗi

Jiragen shaƙatawa sun iso Bahar Maliya da ƙarfinsu. A 2021 jirgin MSC Bellissima ya fara tashi daga Jidda, sannan a watan Disambar 2024 Saudiyya ta ƙaddamar da nata jirgin, Aroya, mai ɗakuna fiye da 1,600, wanda aka tsara don iyalan Musulmi. A irin waɗannan jirage ɗakuna hawa huɗu ne a farashi. Mafi araha shi ne na ciki, marar taga, mai faɗin kimanin murabba'in mita 15. Sai mai tagar da ba ta buɗewa, sai mai baranda, sai manyan ɗakuna masu falo. Kuma a cikin kowane rukuni, duk hawan da aka ƙara sama kuɗi na ƙaruwa. Dalili a fili yake: kamfani kallo yake sayarwa, da kusanci da wurin wanka da wuraren cin abinci waɗanda galibi suke can sama.

Jiragen da ke jigila tsakanin tashar Usman Digna ta Sawakin, wadda aka buɗe a 1991, da Jidda wani iri ne daban. Galibinsu tsofaffin jiragen fito ne da suka yi aiki a Turai kafin a sayo su, masu babban hawa a ƙasa inda motoci da kaya ke shiga ta ƙofar baya ko ta goshi, fasinjoji kuma a sama. Amma sun gaji tsarin farashi iri ɗaya: daraja ta ɗaya mai gado biyu, ta biyu mai gado huɗu, sai zauren kujeru, sai sarari inda kowa ke shimfiɗa tabarmarsa. Tsallakawar kimanin kilomita 300 ce, wajen sa'o'i goma sha biyu, kuma yawanci da dare ake yin ta. Wanda ya ƙara kuɗi don taga a tafiyar da za a fara bayan faɗuwar rana a gama da hantsi, duhu ya saya. Abin da ke da daraja a ɗakin shi ne gado da ƙofa da bayan gida, da kuma na'urar sanyaya ɗaki mai aiki, domin zafin gaɓar nan kan haura digiri 40 a bazara ga gumi mai nauyi, kuma jiran tashi a Sawakin da jiran sauka a Jidda kan ƙara wa tafiyar wasu sa'o'i.

Abin da jiki ke ji

Manomin Gadarif ya san jijjigar babbar mota a kan laka, amma tangaɗin jirgi wani abu ne da jikinsa bai saba da shi ba. Can cikin kunnen ɗan Adam akwai wasu 'yan kwaroro masu ruwa da ke shaida wa ƙwaƙwalwa ko jiki na tsaye ko yana motsi. Idan mutum na cikin rufaffen ɗaki, idonsa yana ganin bango da gado a tsaye cak, kunnensa kuwa yana cewa ana ɗaga shi ana saukewa. Wannan saɓani tsakanin ido da kunne shi ke haifar da jiri da gumi mai sanyi da tashin zuciya da amai. Wasu masu bincike a Amurka, O'Hanlon da McCauley, sun gwada mutane a 1974 a kan wata na'ura mai ɗagawa da saukewa, suka gano cewa motsin da ya fi tayar da zuciya shi ne na hawa da sauka sau ɗaya cikin kowace daƙiƙa shida ko kusa da haka. Abin takaici, kusan da wannan saurin ne igiyar ruwa ke ɗaga jirgi matsakaici.

Jirgi yana tangaɗi iri biyu da suka shafi zaɓen ɗaki. Na farko shi ne sunkuyawa da ɗagowa, goshi ya nutsa baya ya tashi, sannan a juya. Wannan motsi yana kewaya tsakiyar jirgin ne, don haka duk nisan mutum daga tsakiya, haka girman lilon da zai sha. A ɗauki jirgi mai tsawon mita 150 da ya sunkuya digiri biyu kacal. Wanda ke kwance a can goshi, mita 75 daga tsakiya, zai yi ƙasa da fiye da mita biyu da rabi, ya kuma yi sama da kwatankwacin haka, dare guda cur. Wanda ke tsakiya kuwa kaɗan zai ji. Na biyu shi ne karkata dama da hagu, wanda ke ƙaruwa gwargwadon tsayin hawan da mutum yake. Idan jirgi ya karkata digiri biyar, mai ɗaki a mita 20 sama da layin ruwa zai yi gefe da kusan mita ɗaya da kashi uku cikin huɗu, alhali na mita biyar bai kai rabin mita ba. Wato ɗakin da ya fi tsada, na can ƙololuwa ta wajen goshi inda ake hango teku sosai, shi ne ya haɗa lilon biyu gaba ɗaya.

Wannan lissafi yana da muhimmanci na musamman a hanyar Sawakin saboda yadda iska ke kaɗawa. A tsakiya da arewacin Bahar Maliya iska daga arewa maso yamma take busowa mafi yawan shekara, jirgin kuwa arewa maso gabas ya dosa. Ke nan a tafiya igiyar ruwa ta gefen hagu take bugunsa, ɗan gaba-gaba, ta haɗa masa sunkuyawa da karkata. A dawowa kuma ta dama take zuwa, ɗan baya-baya. Da damina, wajen Yuli da Agusta, akwai wata iska mai ƙarfi da ke fitowa ta ratar duwatsun Tokar, kudu da Sawakin, ɗauke da ƙura, tana tayar da ruwa a daidai wannan yanki. Tun da watannin Musulunci suna matsowa da kusan kwana goma sha ɗaya kowace shekara, yanayin da mahajjacin bana ya tarar ba shi ne wanda mahaifinsa ya tarar shekara goma sha biyar da suka wuce ba, kuma shawarar da ya kawo daga waccan tafiyar tana iya zama ta wani lokacin daban.

Akwai kuma ƙara. Injina da farfela suna baya, rurinsu da girgizarsu suna ratsa ɗakunan da ke ƙasa ta wannan ɓangaren, wani lokaci har da warin mai, wanda shi kansa yana tayar da zuciya. Sarƙar anga kuwa, da tata ƙarar, tana goshi. A jirgin shaƙatawa sai a ƙara da ɗakunan da ke ƙarƙashin wurin wanka, inda ake jan kujeru tun asuba, da waɗanda ke saman zauren wasanni. Ɗakin da ke da ɗakunan kwana a samansa da ƙasansa shi ne mai shiru.

Taga tana da amfani ɗaya na gaske: ganin layin da sama ta haɗu da ruwa yana sulhunta ido da kunne, jiri ya lafa. Amma da rana ne ake ganin wannan layi. Mai saurin amai a tafiyar dare, abin da zai fi taimakonsa shi ne ya kwanta a rigingine a tsakiyar jirgi ya rufe ido, ya rage cin maiƙo kafin tashi, idan kuma likita ya ba shi maganin jiri ya sha tun jirgi bai motsa ba. A jirgin shaƙatawa na kwana bakwai lissafin ya sauya, taga ko baranda ta cancanci kuɗinta, sai dai mai ƙananan yara ya yi tunani sau biyu kafin ya ɗauki baranda.

Kunya da tsarki da alƙibla

Akwai buƙatun da rubuce-rubucen Turawa ba sa ambata, alhali su ne a gaba a wurin matafiyinmu. Zauren kujeru da sarari wuri ne na cakuɗa, maza da mata, yara da kaya, fitila a kunne har safe. Matar da ta saba da zaman cikin gida ba za ta miƙe ta yi barci a gaban maza baƙi ba. Zama za ta yi a takure cikin mayafinta har gari ya waye, ta sauka Jidda ƙafafu a kumbure, ga ɗawafi da sa'ayi na jiranta. Idan kuɗin iyali bai kai kowa ya samu ɗaki ba, abin da hankali ya yarda da shi shi ne a haɗa mata huɗu a ɗaki mai gado huɗu, samari su kwana a sarari. Sai a lura cewa biyu daga cikin gadajen nan na sama ne, da tsani ake hawa, kuma tsohuwa ba ta hawa tsani a jirgi mai tangaɗi. Gadon ƙasa abu ne da ake nema da baki tun wurin yankan tikiti.

Maganar harami ma ta shafi ɗaki. Malaman fiƙihu tun da daɗewa suna kafa misali da mai zuwa daga Sawakin idan suna bayanin wanda ya iso Jidda ba tare da ya bi ta wani miƙati ko ya daidaita da shi ba, kuma da yawansu sun ba shi damar ɗaukar harami a Jidda. Wasu matafiyan duk da haka sun fi samun natsuwa su yi wanka su ɗaura tun a cikin jirgi. Wannan hukunci ne da kowa zai tambayi malaminsa tun yana gida, domin amsar ita za ta nuna ko yana buƙatar ɗaki mai wurin wanka a ciki, ko kuwa zai shiga layin bayan gida na gama-gari tare da ɗaruruwan mutane da asuba.

Alƙibla kuwa a wannan hanya tana da sauƙin ganewa idan an fahimci taswira. Da barin Sawakin Makka tana gaba, ɗan dama da goshin jirgi. Yayin da ake kusantar Jidda sai ta riƙa komawa dama, domin Makka gabas take da Jidda. A dawowa tana baya. Mai salla a jirgi yana fuskantar alƙibla ya juya idan jirgi ya juya matuƙar zai iya, ya tsaya idan zai iya, ya zauna idan yana tsoron faɗuwa. A nan ma tsakiyar jirgi ta fi, domin a can ne dattijo zai iya yin ruku'u ba tare da ya dafa bango ba.

Hanyar fita

Da a ce kwanciyar jiki ce kaɗai abin dubawa, da sai a ce kowa ya nemi hawa mafi ƙasa. Tarihin wannan teku bai bar mu mu tsaya nan ba. A watan Disambar 1991 jirgin Salem Express, da ya taso daga Jidda ɗauke da fasinjoji ciki har da masu dawowa daga Umra, ya bugi dutsen murjani kusa da Safaga a Masar, ƙofar goshinsa ta buɗe, ya nutse cikin kimanin minti ashirin, mutum fiye da 460 suka rasu bisa ƙidayar hukuma. A watan Fabrairun 2006 gobara ta tashi a jirgin al-Salam Boccaccio 98 tsakanin Duba da Safaga. Ruwan da aka yi ta zubawa don kashe wutar ya taru a hawan motoci, jirgin da dama an ƙara masa hawa a sama ya karkata ya kife, aka rasa rayuka sama da 1,000. Raunin irin wannan jirgi ɗaya ne a ko'ina: hawan motoci fili ne buɗaɗɗe daga goshi har baya, ruwa kaɗan idan ya shiga sai ya kwarara gefe ɗaya, jirgi ya kwanta cikin 'yan mintoci. Haka ta faru da jirgin Estonia a Tekun Baltik a 1994, inda mutum 852 suka mutu. Da jirgin ya karkata, matattakala ta zama bango, lunguna suka zama ramuka, kuma mata da tsofaffi kaɗan ne suka kai waje. A gobarar jirgin Scandinavian Star ta 1990, wadda ta ci mutum 159, hayaƙi ne ya kashe da yawa a cikin ɗakunansu da cikin lungunan da ba su ɓulle ko'ina ba.

Ban kawo waɗannan don in tsoratar da kowa ba. Dubban mutane ke tsallakawa lafiya kowace shekara, kuma a ƙarshen Afrilun 2023 jiragen nan na cikin waɗanda suka kwashe masu gudun yaƙi daga tashar Bur Sudan, har jirgin Amanah ya sauke fiye da mutum 1,600 a Jidda a tafiya ɗaya. Amma a Sawakin ɗin nan ne jirgin dabbobi Badr 1 ya nutse a bakin tasha a watan Yunin 2022 da tumaki fiye da 15,000, ninkin abin da ya kamata ya ɗauka kusan sau biyu. Wanda ya san wannan ba zai miƙa wa sa-idon hukuma dukkan amanarsa ba.

To a nan buƙatu biyu suka ci karo. Jiki yana son ƙasa, tsira tana son kusa da hawan da kwale-kwalen ceto suke. Sulhun da nake gani shi ne a riƙe tsakiya ta tsawon jirgi, domin wannan ba ya cin karo da komai, sannan ta tsayi a zaɓi hawan fasinja da ke sama da hawan motoci, mafi kusa da wurin taruwa idan an busa ƙararrawa. Wasu tsofaffin jiragen suna da ɗakuna masu araha a ƙarƙashin hawan motoci, ƙasa da layin ruwa. Nan ne tangaɗi ya fi ƙaranci, amma ba wurin da za a kai tsoho ko mai goyo ba ne, ko da kyauta aka bayar. Haka kuma ɗakin da ke ƙarshen dogon lungu mai mafita ɗaya. Ɗakin da ke kusa da matattakala yana da hayaniyar masu kai-komo, amma hayaniyar dare ɗaya abu ne mai sauƙin jurewa.

Akwai wani giɓi a dokar kanta da ya kamata a sani. Bayan kifewar jirgin Costa Concordia a gaɓar Italiya a 2012, an gyara yarjejeniyar kare rayuka a teku, ta yadda tun daga 2015 duk jirgin da fasinja zai wuce sa'o'i 24 a cikinsa dole a tara mutane a wurin taruwa kafin tashi ko da zarar an tashi. Mai yawon shaƙatawa a Aroya ya shiga cikin wannan kariya. Mai tsallakawar dare ɗaya daga Sawakin kuwa, abin da doka ta wajabta masa sanarwa ce kawai. Hausawan Gadarif suna jin Larabci, kamar yadda binciken Farfesa al-Amin Abu-Manga a kan Hausar Sudan ya nuna irin zurfin cuɗanyar harsunan biyu, amma jin Larabcin kasuwa daban, fahimtar muryar lasifika cikin kukan yara da rurin inji daban.

Saboda haka aikin ya koma kan ɗan rakiya. Da an ajiye kaya, kafin jirgi ya saki igiya, ya duba bayan ƙofar ɗakin, inda ake manna taswirar hanyar fita. Ya buɗe ƙarƙashin gado ko cikin kabad ya ƙirga rigunan ceto, ya ga ko sun kai yawan masu kwana, ya kuma ɗaura wa tsohuwar ɗaya ta ga yadda ake jan igiyar. Sannan ya kama hannunta su taka hanyar tare. "Inna, in kin fito ki yi dama. Ki dafa bango ki ƙirga ƙofa huɗu, ta biyar matattakala ce. Hawa ɗaya za ki yi, ki tsaya inda kwale-kwalen nan yake, nan zan same ki." Ƙirgen ƙofofin yana da dalili, domin a cikin hayaƙi ko ɗaukewar wuta hannu ne ke gani. Kada a bar akwatuna da jarkoki a bakin ƙofa, kada a kwana da takalma a nesa, fasfo da magani kuma su kasance a jakar da ke jiki. Duk wannan ba zai ci minti goma ba.

Wa ke zaɓa?

Duk abin da aka faɗa a sama ya ginu ne a kan zaton cewa matafiyi yana da ta cewa. Mai sayen tikitin jirgin shaƙatawa yana buɗe taswirar jirgin a wayarsa, hawa-hawa, ya ga lambar kowane ɗaki, ya ga wanda kwale-kwalen ceto ya tare wa taga, ya taɓa wanda yake so. Ko a can akwai tikiti mai rangwame wanda kamfani ke zaɓa wa mutum ɗaki a ƙarshe, kuma mai saurin jiri bai kamata ya karɓe shi ba. Manomin da ya taso daga wani ƙauye a bakin kogin Atbara ko Rahad kuwa, ta hannun wakilin tafiye-tafiye ko ofishin alhazai yake biya. Daraja ake sayar masa, lambar ɗaki sai ya shiga jirgi, bayan ya kwana a mota ya yini a rana a bakin tasha, lokacin da ba shi da sauran ƙarfin jayayya. Ɗakuna biyu masu kuɗi ɗaya, ɗaya yana tsakiya kusa da matattakala, ɗaya yana can goshi a ƙarshen lungu, kuma abin da ke raba su tsakanin saurayi da tsohuwa shi ne wanda ya riga isa gaban teburin rabon makulli.

Gyaran wannan ba ya buƙatar sabon jirgi ko kuɗi mai yawa. Kowace tawagar alhazan Sudan tana da amiri, kuma sunaye da shekarun mutanensa suna hannunsa tun kafin a bar Gadarif. Kamfanin jirgi yana da taswirar jirginsa. Ina kira ga hukumar alhazai ta jihar Gadarif da wakilan tafiye-tafiye su nemi wannan taswira su manna ta a ofisoshinsu, su raba ɗakuna tun a gida bisa shekaru da lafiya, tsofaffi da masu juna biyu da marasa lafiya a tsakiya, a gadon ƙasa, kusa da mafita. Malaman da ke yi wa maniyyata bita a masallatan unguwanni su ƙara rabin sa'a a kan zaman jirgi, da Hausa da Larabci, da rigar ceto a hannu. Kai kuma da za ka biya wa iyayenka kujera a bana, kafin ka miƙa kuɗin ka tambayi wakilin a wane hawa ɗakin yake, ta wane ɓangaren jirgi, kuma ƙofa nawa ce tsakaninsa da matattakala.